Sandar Cliff Mai Gawayi

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Janairu, Paula ta kira ni ta ce mahaifinta, Clifford Ormerod, wanda 'yan kallon kokawa suka fi sani da Cliff Mai Gawayi, ya rasu a gidansa da ke Accrington yana da shekara saba'in da huɗu. Zuciya ce, bai yi doguwar jinya ba.

Baba Cliff, daga Litinin zuwa Juma'a gawayi kake sauke wa mutane a ƙofar gida, ranar Asabar ka hau dandali. Rabin 'yan kokawar garin nan kai ka koya mana faɗuwa tun kafin mu san kayarwa. Ga faɗa, ga rowar yabo, amma motar gawayinka ta kai mu wasa garuruwan da ba mu da kuɗin zuwa, ta kuma dawo da mu baƙi ƙirin. Maganarka kullum ɗaya ce: a sana'armu an riga an shirya wanda zai ci, abin da ba a sani ba shi ne ko kowa zai koma gida da ƙafafunsa. Wanda ya raunata abokin karawarsa don sakaci, ba mai sake miƙa masa jikinsa, sana'arsa ta mutu ke nan.

Shekara goma sha ɗaya da ajiye kokawarka, aka shirya gasar mutum ashirin a zauren gari, irin wadda ake shigowa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka jefa ta saman igiyar da ta kewaye dandali ya dira ƙasa ya fita. Alwyn mai shirya wasan ya ɓoye ka tun safe a ɗakin ajiye tsintsiya, kai da fulas ɗin shayi. Don kada zance ya fita, ko mu 'yan wasan bai gaya mana ba. Ce min kawai ya yi, na ashirin da zai shigo ko wane ne, ni zan jefa shi waje. Wauta ce, domin ba a jefa mutum sai an gwada tukuna.

Sai ga ka da baƙar hularka da buhu a kafaɗa. Zaure ya kaure da ihu, tsofaffin mata suna buga jakunkuna a kan kujeru, ni kuwa na saki baki kamar wanda ya sayi tikiti. Ka share mutum huɗu, ka shaƙo wuyana, ka raɗa min: "Rufe bakinka, samari, ƙuda zai shiga. Ɗaga ni, amma ka riƙe hannuna sai na taka bakin dandali."

Na ɗaga ka, na tsallakar da kai igiya. Shewar jama'a ta ɗebe ni, na juya ina ɗaga hannu sama tun ƙafarka ba ta sami matakala ba. Ka faɗi a kan ƙugu. Ni da nake kusa na ji ƙarar ƙashin.

A ɗakin canza kaya, kafin motar asibiti ta iso, duk 'yan kokawa suka zuba min ido. Alwyn ya tambaya wa ya saki. Ka ce, "Ni mana. Tsufa ne, tafina ya yi gumi. Ku ƙyale min shi, aikinsa ya yi daidai." Na bar ka ka ɗauki laifin. Shekara goma sha shida ke nan ina cin abinci da wannan shirun, kai kuma kana dogara sanda. Gawayin ma ka bari, tunda ba a ɗaukar buhu da ƙugun ƙarfe.

Sau biyu na zo gidanka da niyyar in yi magana. Da zarar na gyara murya sai ka kira matarka: "Noreen, zuba wa wannan shayi, zai fara mana wa'azi." Na ji kunya, na kuma ji daɗin hana ni da ka yi, kuma wannan daɗin shi ya fi cin raina.

Jiya da na je gaisuwa, Mama Noreen ta shiga ɗaki ta fito da sandarka. Ta ce, "Ungo, kai ya ce a ba. Wai tunda yanzu kai ke koyarwa, ka rataye ta inda ɗalibanka za su gani, in sun tambaya ka faɗa musu gaskiya. Ni kam tun a asibiti na sani, Stuart. Zauna ka sha shayinka."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ba zan jira a tambaye ni ba. Alwyn da duk wanda ya tsaya a ɗakin nan a ranar, ku ji: tafin Baba Cliff bai yi gumi ba. Ni, Stuart Entwistle, ni na saki hannunsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Noreen, da Paula, da jikoki, da duk wanda ya taɓa koyon faɗuwa a wurinka. Allah ya ba su haƙurin rashi. Kai kuma Baba, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ubangiji ya riƙe hannunka, kada ya saki sai ka taka.