Baraka Mai Kifi a Fagen Teyatur

Baraka ba ƴar Gaya ba ce, ko da yake a nan ta tsufa. An haife ta a wani ƙaramin ƙauye kusa da Dioundiou, wanda yau ko kufansa babu. Tana yarinya, ba ta ma isa ɗaukar tulu ba, rundunar Nasara ta ratso ƙasarsu. Sojoji suka fasa rumbuna, suka cinna wa bukkoki wuta. Ubanta ya faɗi a bakin rijiya. Wanta Gambo, da ya fita kiwon awaki tun da safe, bai dawo ba. Uwarsu Kande ta ja hannun Baraka, suka bi masu gudu zuwa kudu ta cikin fadama, suna gwaguyar goruba, har suka iso bakin kogi a Gaya. Kande ba ta ga damina ta gaba ba. Tana kwance tana cewa Gambo yaro ne mai wayo, zai nemo su.

Wata mata ƴar Dendi ta riƙe Baraka, ta koya mata kyafa kifi. Baraka ta auri masunci, ta haihu biyar, biyu suka rayu. Hayaƙi ya rina mata idanu, ya dusashe mata murya. Duk fataken da suka sauka daga Kamba ko suka ƙetaro daga Malanville, sai ta ƙara musu kifi gyara, ta tambaye su ko sun taɓa gamuwa da wani Gambo mai tabo a girar hagu. Wasu su ce a'a. Wasu su ce kamar sun gan shi, don kawai su faranta mata.

Bayan yaƙin duniya na biyu, samarin Gaya suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, abin da suke kira teyatur. Shugabansu Cha'ibu tela ne, wanda ya ga irin wasan a Yamai. Yawanci abin dariya suke yi. Wata rana Cha'ibu ya zo sayen kifi, ya ji tana yi wa wani direban kamiyo, wato babbar mota, tambayar nan tata, ya zauna ya nemi labarin. Ta ba shi. Bayan mako ya dawo.

"Inna, muna so mu yi wasa a kan gudun nan naku, in kin yarda."

"Wa zai zama uwata?"

"Ado zai ɗaura zane, kamar yadda muka saba."

"Ado mai gemu? Mutane dariya za su yi mata. In dai za a yi, ni zan yi."

Ɗanta Alassan bai so ba. Ya ce tsohuwa mai jikoki ba ta shiga wasan yara a gaban jama'a. Ta ce masa ta ji, washegari kuma ta tafi wurin gwaji.

An yi wasan bayan la'asar a filin lakkwal, wato makarantar boko, ranar kasuwa. Aka kafa zana a matsayin bukkoki, yara suka riƙe karan dawa a matsayin bindiga. Da farko mutane suna ta shewa, suna kiran sunayen samarin. Da aka zo wurin gudu, Baraka ta fito da ƙunshi a ka. Ta yi taku kaɗan, ta tsaya, ta waiwaya, ta ɗaga muryar nan tata dusasshiya.

"Gambo na Kande! Bar awakin nan ka zo! Gambo!"

Ta yi ta kira, ta wuce inda aka shirya za ta daina. Samarin suka tsaya cirko-cirko. Filin ya yi tsit, sai kukan wata tsohuwa daga baya, sannan wata. Ashe a Gaya akwai da yawa da suka zo cikin gudun nan, ba su taɓa faɗa wa ƴaƴansu ba.

Da aka watse, wani tsoho ya matso yana dogara sanda. Ya ce sunansa Halidu, daga Tanda ya kawo goro kasuwa.

"Baiwar Allah, Gambon nan na wasa ne ko na gaske?"

"Wana ne, Malam. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Yana da tabo a gira?"

Baraka ta sauke ƙunshin, ta zauna a ƙasa.

Halidu ya tsuguna kusa da ita. Ya ce shi ma yaro ne a lokacin, sojoji suka kama su a daji, suka ɗaure su igiya ɗaya, suka ɗora musu kaya. Gambo ne a gabansa. Suna tafiya gabas cikin zafin bazara, ruwa kaɗan. Ƙafafun Gambo suka kumbura, ya faɗi, aka tashe shi da bulala, ya sake faɗi. Wani soja ya kwance shi daga igiyar, ya ja shi gefen hanya.

"Na ji ƙarar bindiga. Ban waiwaya ba, don wanda ya waiwaya ma dukansa ake. Bai kai wata ɗaya a hannunsu ba."

"An binne shi?"

"Ba a binne kowa a hanyar nan ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta yi masa godiya, ta sa Alassan ya raka shi masauki. Ranar Juma'a ta dafa shinkafa da kifi ta kai masallaci sadaka, ta roƙi liman ya yi wa Gambo addu'a.

Aka gayyaci ƙungiyar zuwa Tanda. Cha'ibu ya zo ɗaukarta, ta ce ba za ta ba. "Da ina kira ne ko wani zai amsa. Yanzu wa zan kira?" Ado ya ɗaura zane ya yi a madadinta, ba wanda ya yi dariya, amma daga nan suka bar wasan suka koma na barkwanci.

Baraka ta ci gaba da zuwa kasuwa har tari ya kwantar da ita. Ta rasu cikin damina, shekarar da aka yi babbar ƙuri'ar raba gardama kan mulkin Nasara. Labari ya isa Tanda a makare. Halidu ya taho a ƙasa cikin laka, ya tarar an riga an kai ta. Ya zauna wurin gaisuwa tare da Alassan har aka yi sadakar uku, sannan ya koma gida.