Ranar da Na Kai Kawu Mashayarsa

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da na kai kawuna Gwallameji.

Kawu makiyayi ne tun tasowarsa. Cuta ta cinye shanunsa, tsufa ya cinye idonsa, sai mahaifiyata ta ɗauko shi ta ajiye a ɗakin zaurenmu a Gwallaga. Mutumin da bai saba kwana biyu a wuri ɗaya ba, ga shi tsakanin bango huɗu. Abin da ya rage masa waƙa ce guda da ya tsara da kansa, kullum yana rera ta har mun haddace ba da niyya ba:

"Daji ba ƙofa ba makulli,
Inda rana ta faɗi nan ne gida,
Ciyawa shimfiɗa, sama rufi."

Ya dame ni in kai shi mashayar shanun da ya fara rera ta a Gwallameji, wai ko sau ɗaya ya taka wurin kafin ya mutu. Na san an yi gine-gine a wurin, amma wa zai iya faɗa masa? Muka hau keke-napep.

Da muka sauka ya ce, "Ɗana, tsamiyar tana dama ko?"

Na ce, "Tana nan, Kawu." Katanga ce da ƙofar ƙarfe.

Ya tuɓe takalmansa don ya ji ciyawa, ƙafarsa ta sauka a kan siminti. Sai ya dogara sandarsa, ya ɗaga kai, ya fara waƙar da wata murya da ban taɓa ji ba a ɗakin nan. Har na fara murna.

Bai kai ƙarshe ba maigadi ya leƙo. Makaho, da sanda, yana waƙa a ƙofar gida, me zai ɗauka? Cikin ladabi ya ce, "Baba, a yi haƙuri, maigidan ba ya nan. A gwada gaba."

Kawu ya laluba takalmansa ya sa. "Mu tafi," ya ce, "ka ji an sallame mu."

Na yi kuka a cikin keken. Kawu ya ƙara damina biyu a duniya, ba mu sake jin waƙar ba, ko mun roƙa.

Tun ranar na gane, in tsoho yana begen wani wuri, a bar masa shi a baki. Can ne kaɗai ba a yi gini ba.