Ƙudajen da Ni Kaɗai Nake Gani

Jama'a, yau ni Bitrus aka kira mashayi a ofis! Ni da ko burkutun biki ban taɓa kurɓa ba!

Tun da rediyo ta fara karanto sunayen ma'aikatan da gwamnatin soja ta kora, barci ya ƙaurace mini. Hannuna sai rawa. Ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje suna yawo a idona in na kalli farar takarda. A asibiti aka duba, aka ce idon lafiya lau, fargaba ce, in rage jin rediyo.

To yau ina buga tafireta, sai ɗaya daga cikin ƙudajen nan ya gifta. Na manta, na kai masa mari. Sai ga Yallaɓai shugaban ofishinmu a kaina!

"Me kake kora?"

"Ƙuda, ranka ya daɗe."

"Ina ƙudan? Dubi hannunka! Ka sha ko? Buɗe baki!"

A gaban kowa ya sansana bakina! Aka yi ta dariya. Ya ce in biyo shi ofishinsa. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi, me zan faɗa wa matata a gidanmu da ke Manawashi?

Ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Bitrus, naka ma in ka juya ido suna binka? Nawa sun hana ni sakat. Me aka ce maka a asibiti?"

Ashe ya sani! Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka tambaye ni a gaban waɗanda suka yi dariya."

Na fita, na bar masa ƙofar a buɗe.