Katin Otis Mai Ƙanƙara

Otis Kessler ya fara sayar da ƙanƙara yana da shekara goma sha bakwai, da keken doki guda da wani tsohon doki mai ido ɗaya. Lokacin ni ina koyon aiki a maɗaba'ar da daga baya ta zama tawa, taku arba'in da biyu daga rumbunsa. Idan sanyi ya kama, ya je tafkin da ya daskare ya yi ta yankan ƙanƙara da zarto, ya binne ta cikin dusar katako. Idan zafi ya zo, ya bi gidaje yana rabawa. A shekarar 1908, yana da shekara ashirin da tara, kekunansa sun kai goma sha huɗu, ma'aikata ashirin da ɗaya, ga gawayi da ya ƙara a kai don kada dawakai su zauna banza da hunturu. Ban taɓa ganin mutum mai zafin nema irinsa ba, kuma ni ma ba rago ba ne.

Shekara shida na farko da kansa yake kai ƙanƙara gidan Alƙali Prewitt da ke kan tudu. Ta ƙofar baya yake shiga, kamar mai madara da mai wanki. A nan kicin ya san Lavinia, 'yar gidan. Takan sauko ta zauna kan tebur tana karkaɗa ƙafa, ta tsokane shi wai dokinsa ya fi shi iya magana. Shi kuma ya fasa mata ƙaramin dunƙule ta sa a baki. Ranar da ya sayi kekensa na biyar ya daina zuwa, ya tura direba. Ya ce mini ya yi wa kansa alkawari, ba zai sake taka gidan nan ba sai ta ƙofar gaba, da kwat a jikinsa.

Mutanen tudu suna da tsarinsu. Uwargida Prewitt tana karɓar baƙi ranar Alhamis da la'asar. Namiji mai son a san shi a gidan yakan je ya miƙa katinsa, 'yar aiki ta ɗora a farantin azurfa ta kai ciki. Idan an so shi, kafin mako ya zagayo zai ga takardar gayyata. Idan ba a so, shiru ne amsar. Wannan duk mun sani. Abin da ba mu sani ba, katinsu suna kawai yake ɗauke da shi, kuma sassaƙa shi ake yi a farantin tagulla, yadda in ka shafa da yatsa za ka ji tudun haruffan.

Da Otis ya zo mini da maganar kati, ni na ba shi shawara, kuma har yau tana damuna. Na ce mutumina, shekara goma sha biyu kana wahala, sai ka rubuta suna tsirara kamar wanda ba shi da komai? Bari su gani. Na buga masa guda ɗari biyar a yini ɗaya, da zinariya a gefe: Otis Kessler, Ƙanƙara da Gawayi, Kekuna Goma Sha Huɗu, Waya 212. Ya juya shi gaba da baya, ya ce bai yi yawa ba kuwa, Del? Na ce in da wuri ma da na sa dawakan.

Ranar Alhamis ya sa sabuwar kwat, ya hau matakala goma sha ɗaya na gidan, ya miƙa katin. 'Yar aikin ta karanta, ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta ce uwargida ba ta nan. Ga kuwa kekunan baƙi har shida a ƙofar gida. Ya dawo ya zauna a shagona ya ce ba komai, ai haka suke yi da farko.

Kwana biyar bayan nan ambulan ya iso daga tudu. Bai buɗe ba sai da ya zo wurina. Layi uku ne a ciki: gidan Prewitt na buƙatar a ƙara musu dunƙule biyu kowace Talata da Juma'a, ƙarfe goma na safe, kuma ana so Mista Kessler ya kawo da kansa, ta inda ya saba. Babu sa hannu.

Ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ce: "Ka gani ko? Sun nuna mini ƙofata."

Na yi ta ba shi haƙuri, na ce laifin katin ne, zan aika birnin Cleveland a sassaƙa masa irin nasu, mako uku kacal. Ya ce in bar shi. Ya sa gidan a jerin direba mai suna Gus, ya koma aiki kamar mahaukaci. A wata guda ya karɓi kwangilar otal biyu da mayanka.

Mako bakwai da zuwan takardar, Lavinia Prewitt ta shigo maɗaba'a, za a buga wa matan cocinsu takardun taron taimakon marayu. Na ba ta takarda ta rubuta abin da take so. Mai irin aikina ba ya manta rubutu. Ina ganin yadda take jan wutsiyar harafin ƙarshe na gane hannun da ya rubuta layi ukun nan. Ban iya riƙe bakina ba, na tambaye ta.

Ta faɗa mini komai, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mahaifiyarta ta shafa katin da babban yatsa, ta yi dariya, ta sa aka kai wa kuku a haɗa da na masu kawo kaya. A can ita Lavinia ta tsince shi. Ta san ba za a taɓa gayyatarsa ba, kuma 'ya mace ba ta rubuta wa namiji wasiƙa, amma kowa na iya aika wa mai ƙanƙara saƙon kaya.

"Sau goma sha huɗu na sauko kicin, Mista Haas," ta ce da ni. "Duk Gus nake gani. Mutumin kirki ne, amma ba shi da hira."

Ta ce wani ɗan mai banki daga Boston yana nemanta, iyayenta sun amince, ita ce kawai ba ta ba da amsa ba, kuma ranar Lahadi ake jira. Ta gyara safar hannunta, ta ce Juma'a dai ba ta wuce ba tukuna.

Ban tsaya rufe shago ba. Na same shi a rumbu yana duba kofaton doki, na zayyana masa daga farko har ƙarshe. Ya saurara bai katse ni ba. Na ce gobe Juma'a, ƙarfe goma, ka ɗauki dunƙule biyu ka je, aikin minti ashirin ne. Ya sauke ƙafar dokin a hankali. Ya tambaye ni ko ta ce za ta fito gaba ta tarbe shi. Na ce kai, wane irin mutum ne kai, ita kake so ko matakala?

"Del, in na shiga ta baya gobe, ta baya zan yi ta shiga har in mutu. Ko na aure ta, mai ƙanƙara ne ya sace 'yar alƙali daga kicin. Ta ba ni shekara biyu, zan yi gida a tudun nan."

Na ce kwana uku take da shi, ba shekara biyu ba. Ya ce ya ji.

Da safe na leƙa ofishinsa ƙarfe tara da rabi. Ya sa kwat ɗin nan, ya yi aski, yana zaune hularsa a kan gwiwa. Gus ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran umarni. Goma saura kwata Otis ya miƙe, ya kai har bakin keken, ya dafa shi. Sai ya ce wa Gus ya yi sauri kada rana ta cinye kayan.

Gus ya dawo ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar. Ya ce 'yar gidan da kanta ta karɓa, ta gode, kuma ta ce a faɗa wa Mista Kessler daga yau a daina kawo ƙarin nan, na da ya ishe su. Otis ya gyaɗa kai. Ya cire kwat ɗin ya rataye, ya naɗe hannun riga, ya tambayi Gus ko an kai na otal.