Satar Amsa a Ɗakin Likita

Loretta Dudek ta shekara talatin da ɗaya tana dafa wa 'yan sakandare abinci a wani ƙaramin gari na yammacin Pennsylvania, ta kuma shekara arba'in da shida tana auren Emil. In ka tambaye ta wanne ya fi cin ƙarfinta, sai ta ce tukunya dai ba ta taɓa jifanta da kofi ba.

Emil ɗan ƙwallo ne tun yana shekara tara, ƙwallonmu ta nan Amurka, wadda ƙarti ke sa hular kwano su yi ta karo kamar raguna. Ya buga a makaranta, da ya kama aiki a masana'antar ƙarfe ya ci gaba da buga wa ƙungiyar ma'aikata duk Asabar har ya kai talatin da huɗu. Sunansa bai wuce shagon askin garin ba. Ita kuwa Loretta nata shi ne wankin rigar da ta sha laka da jini, da zama kusa da shi ranar Lahadi, labule a sake, don haske na sara masa kai.

A zamaninsu in mutum ya bugu ya tashi yana tangaɗi, mai kula da 'yan wasa kan ja shi gefe, ya shaƙa masa wani abu mai hawa ka, ya tambaye shi yau wace rana, da wa ake wasa, ci nawa ne. In ya amsa daidai ya koma fili. To, ai ba a barin ɗan'uwa ya kunyata. Sai wani ya matso kamar zai miƙa masa ruwa, ya raɗa masa amsa. Mai raɗa wa Emil kullum Rudy Petrak ne, abokinsa tun firamare, wani siriri mai bakin tsiya. Har alfahari suke yi da abin a wajen biki: wai akwai wasan da Emil ya buga rabinsa bai san garin da yake ba, kuma suka ci.

Abin ya fara ne bayan Emil ya yi ritaya. Mantuwar ba ta dami Loretta ba, wa ba ya tsufa? Fushin ne. Mutumin da ko kare bai taɓa daka wa tsawa ba, sai ga shi yana fasa faranti don an canja wa cokali wuri. Ran nan ya murɗe mata hannu a kicin yana neman makullin mota, alhali makullin na aljihunsa. Bayan minti goma ya dawo yana tambayarta wa ya ji mata ciwo, idonsa taf da hawaye. Ta ce ƙofa ce. Ta gaji, wallahi, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Shekararta sittin da tara, gwiwoyi sun tafi, 'yarsu tilo tana can Arizona da nata ɗawainiyar.

Akwai wani gida a bayan coci da ake kai irin su Emil da safe a ɗauko su da yamma, kwana uku a mako, da ma'aikatan jinya da suka san kan abin. Sai dai ba sa karɓar mutum sai da takardar likita, likita kuma ba ya rubutawa sai ya gwada ƙwaƙwalwar. Wata huɗu Loretta ta jira kafin a ba su rana. Ba ta roƙi Allah mijinta ya warke ba, ta san wannan ya wuce. Abin da ta roƙa, tana jin kunyar roƙon ma, shi ne ya faɗi wannan jarrabawa.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa Rudy ranar. Sati biyu kullum da safe sai ga shi ya zo ya ɗauki Emil wai za su shan kofi, ita kuma baiwar Allah har godiya take yi, ta samu awa biyu ta miƙe ƙafa.

Ranar Talata da hantsi suka isa asibiti, Rudy ya biyo su a motarsa wai rakiya, ya tsaya a waje. Likitar matashiya ce, mai fara'a.

"Mista Dudek, zan faɗi kalmomi biyar, ka riƙe mini su. An jima zan tambaye ka."

"Faɗi, 'yata," in ji Emil.

"Hula, kogi, tuffa, gada, kore."

Loretta na kallon bakinsa. Leɓensa ya riga likita isa "gada". Ashe ya san kalmomin tun daga gida.

Aka ce ya zana agogo, ya zana tsaf, shi da ke tambayarta ƙarfe nawa sau goma kafin rana ta yi tsaka. Aka ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya rero kamar waƙar coci. Kwanan wata, sunan gari, duk ya kawo. Cikin kalmomin nan biyar, huɗu ya dawo da su, tuffa kaɗai ta ɓace masa.

"Kai, ka yi ƙoƙari," in ji likita. Ta juya wajen Loretta. "Da wannan sakamakon ba zan iya cike takardar ba. Mu sake gani bayan wata shida. Ko akwai abin da kike son ƙarawa, Madam Dudek?"

Akwai mana. Yana nan ƙarƙashin hannun rigarta. Ta buɗe baki, sai ta dubi Emil, ya gyara zama, ƙirji a waje, yana murmushin da ta shekara biyu ba ta gani ba. A gabansa za ta faɗa? A gaban yarinyar da ta yi jika da shi?

"Babu," ta ce.

Ashe ita ma 'yar garin ce, ba ta barin nata ya kunyata.

A wajen ajiye motoci Rudy ya taso yana washe baki. "Yaya, tsoho? Mun ci?"

"Mun ci, ɗan banza!" Emil ya kai masa duka a kafaɗa har ya yi taga-taga.

"Emil, shiga mota, ina zuwa," in ji Loretta. Da ya rufe ƙofa ta juyo. "Sannu da aiki, Rudy. Kofin kenan?"

"Haba, Loretta. So kike a kai shi can cikin masu dalalar da miyau, a ba shi fenti ya yi zane kamar ɗan yaye? Emil fa! Mu ba ma barin namu a gefen fili."

Ta naɗe hannun riga. Shatin yatsu huɗu ne, na makon jiya, sun fara komawa ɗorawa. Rudy ya kalla, bakin tsiyar nan ya mutu.

"Wata shida ka ƙara mini," ta ce. Ba ta ma da ƙarfin ɗaga murya. "Kai za ka koma gidanka ka kwanta. Ina ka samo tambayoyin?"

Sai ya zaro wata takarda daga aljihu, ta sha ninki har ta fara yagewa, rubutunsa ne a karkace.

"Sau uku ni ma ina zama a kujerar likitar nan. Ba sa canja takardar. Duk na fito sai in rubuta abin da na tuna." Ya ninke takardar. "Na farko na ci. Na ukun kalma ɗaya na kawo. Tunda matata Irene ta rasu ba wanda zan gaya wa. Kar ki gaya wa Emil."

Loretta ta so ta zage shi, ta kuwa tanadi zagin tun a ɗakin likita, amma ta neme shi ta rasa. Tausayi ma ba ta ji ba, sai nauyi. Ta ce ya je, ta shiga mota ta tayar.

A madubi ta hango shi. Ya bi layin motoci na farko har ƙarshe, ya dawo, ya shiga na biyu, yana ɗaga makulli sama yana dannawa. Motarsa na nan kusa da tasu, ya wuce ta sau biyu.

"Me wancan sakaran yake nema?" in ji Emil yana dariya.

Ta ɗora goshi a kan sitiyari na ɗan lokaci. Sannan ta ja motar a hankali har inda yake, ta sauke gilashi.

"Shigo baya, Rudy. Gobe ma zo mu ɗauki taka."

Ya shiga. Kafin su kai titi su biyun sun fara gardamar wani wasa na shekara arba'in da suka wuce, ita kuma tana tunanin ko miyar jiya za ta ishi mutum uku.