Ƙarfen da Ya Rasa Abin Kamawa

Jama'a, yau bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina!

Tun da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu muka dawo kusa da Bebeji, nake cika baki a majalisa cewa ni ɗan tauri ne, ƙarfe ba ya kama ni. Ƙarya ce tsagwaronta, ko allura tsoronta nake ji.

To, yau da hantsi sai ga malamin asibiti a ƙofar gidan mai unguwa, riƙe da wani ƙarfe kamar awartaki. Wai da shi ake matse fatar mutum a gane yawan kitsen jikinsa. Kowa ya ja da baya. Sai mai unguwa ya ce, "Ina Sale mai tauri? Shi zai fara!"

Ina zan gudu? Na tuɓe riga. Malamin ya mintsino fatar bayan damtsena, ya ɗana ƙarfen. Ya zame! Ya koma ƙasan allon kafaɗata. Ya sake zamewa!

Ya girgiza kai ya ce, "Bawan Allah, ba ka da kitse ko na miya. Ƙarfen ya rasa abin kamawa."

Wa ya ji zancen kitse? Wuri ya kaure da sowa, wai ƙarfe ya kasa! Ina yaƙe ina neman hanyar sulalewa, sai Sarkin Fawa ya dafa kafaɗata, ya zaro wuƙarsa daga kube.

"Saura tawa, Sale," in ji shi. "Ɗazu na wasa ta."