Hajiya Ɗija da Direban Tirela

Duk ɗan gida da ya sauka yankin Washington yana neman lasisin mota, ko bai tambayi Hajiya Ɗija ba sai an tura shi wurinta. Motar 'yan makaranta take ja a garin Clinton, doguwar nan ruwan ɗorawa, tun furfura ba ta fito mata ba. Asabar da Lahadi kuwa ta bar wa baƙi, tana koya musu tuƙi a tsohuwar motarta don Allah. Ga faɗa kamar me, kuma ba ta san alfarma ba. In ba ka riƙe da takardar lana ta masu koyon tuƙi, ko limami ne kai ba za ka taɓa mata sitiyari ba. Mutane suna gunaguni, suna kuma kawo mata ƙannensu.

A cikin ɗalibanta babu wanda ya ba ta ciwon kai kamar Dachung, mutumin Jos. Ya ci ƙuruciyarsa yana jan tirela zuwa Legas, don haka gani yake raini ne a ce mace ta nuna masa birki. Matarsa Pauline ce ta matsa masa. Bizarsa ta daɗe da ƙarewa, ga 'yarsu ƙarama da aka haifa a nan. Jihar Maryland tana ba irinsa lasisi in ya cika sharuɗɗa, kuma Ɗija ta san abin da rashinsa ke jawowa: kamu ɗaya, in ya kai ga ofishin 'yan sanda, yana iya sa a tasa ƙeyarsa gida, a raba shi da iyalinsa.

Wata Asabar da hantsi suna kan hanyar Upper Marlboro, suka iso mahaɗar da ke da allon tsayawa. Dachung ya leƙa, ya ga ba kowa, ya ɗan taɓa birki ya wuce abinsa. Ɗija ta buɗe baki ke nan za ta wanke shi, sai ga wutar 'yan sanda a madubi.

Ya gangara gefe ya tsaya. Daga nan ya yi abin da duk direban kirki yake yi a gida: ya kwance bel, ya tura hannu aljihu yana laluben takarda, ya kama ƙofa zai fita ya tari ɗan sandan da gaisuwa. A wurinsa ladabi ne, don ba a zama a mota a jira hukuma ta tako.

Ɗija ta hango ɗan sandan ya ja ya tsaya, hannunsa ya koma kan ƙugu, inda bindigarsa take. Ta damƙe wuyan rigar Dachung ta maido shi kujera da ƙarfin da ita ma ba ta san tana da shi ba.

"Rufe ƙofar," ta ce a hankali. "Ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ka buɗe yatsunka."

"Hajiya, bari in je in gaishe shi mana."

"Nan ba Mararraba ba ce. In ka motsa, ni da kai ne."

Ya bi. Da ɗan sandan ya ƙaraso, ita ta yi magana, cikin Turancinta mai nauyi, ba rawar murya. Ta ce ɗalibinta ne, takardarsa tana aljihun dama, ko zai iya ciro ta? Mutumin ya duba tasa, ya duba tata, ya ja musu kunne a kan allon, ya tafi.

Zufa ta jiƙa wa Dachung riga, kunya da tsoro suka haɗe masa.

"Hajiya," ya ce, "yanzu da na fita fa?"

"Da yanzu ina zaune a nan ina neman abin da zan faɗa wa Pauline." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ɗaura bel. Ka sa sigina kafin ka hau titi."